Ta yaya zan gane gidan da ruwa ke kwanciya a cikinsa tun da rani?

Assalamu alaikum. Tsadar haya a cikin birnin Kano ta sa nake cinikin gida mai ɗaki uku a Kura. Abinci ya fi sauƙi a can, kuɗin mota ma na lissafa shi.

Damina ce ta tsayar da ni. Ƙasar wurin laka ce, gonakin shinkafa na kusa. Dillali ya ce ruwa ba ya shiga, amma an yi sabon filasta a gindin katanga, alamar danshi ta ɓuya. Na haƙa ramin mita 1 a watan Maris, a bushe. Ai rani ne, me zan gani?

Wace alama ce za ta nuna mini matakin da ruwan Agusta ke kaiwa, kafin in biya?