Babban allo, ko a haƙura da na yanzu?

Jiya bayan la'asar muka yi ta muhawara a shagon buga takardu na wani abokinmu a Garwa. Yana son barin allon kwamfuta mai inci 22 ya koma 27.

Mai gyaran kwamfuta da ke cikinmu ya ce girma kaɗai ba ya gyara rubutu. Inci 27 da ɗigon da ke haɗa hoto 1920×1080, haruffa sai su yi kaushi. 2560×1440 ne daidai da wannan girman. 4K kuwa, wato 3840×2160, ninki huɗu ne na na farkon, amma tsohuwar na'ura mai mahaɗar allo ta HDMI 1.4 ba ta wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K ɗin, kibiyar maus sai ta riƙa jan ƙafa. "Alhaji, leƙa bayan kwamfutarka tukuna kafin ka zaro sefa."

Wani ya tuno da wuta: in an ɗauke, babban allo ya fi cin batiri.

Ni dai ina bayan mai shagon ya saya, don kullum Word da Excel a buɗe suke gefe da gefe, yana ta kanne ido. Sai dai teburin nan ƙanƙane ne, firinta ta cinye rabi. Aka tsaya kan ya auna shi da tef gobe.