Jazz da Hausa: ina neman kalma kafin gobe da azahar

Mai Shirin Dare: Salamu alaikum 'yan uwa. Daren Alhamis zan gabatar da shiri kan Nina Simone, baƙar fatar Amurka da aka haifa a garin Tryon na jihar Karolina ta Arewa a 1933, ta rasu a kudancin Faransa a 2003. Rubutu ya kammala, jimlar farko ce ta tsaya mini a wuya. Turawa suna ce mata jazz singer and songwriter. Na rubuta "marubuciyar waƙa", da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar Nana Asma'u zan gabatar. Shi kuma jazz ɗin ban ma taɓa shi ba. Gobe da azahar nake ɗaukar murya.

'Yar Funtuwa: Yaya, mawaƙiya kawai. Wa ya taɓa zama ya rubuta wa Barmani Choge waƙa ta hau? A wajenmu mawaƙi shi ke ɗinka abinsa. Su ne suka raba aikin gida biyu, wani ya rubuta wani ya rera, shi ya sa suke buƙatar kalma biyu.

Ɗan Damagaram: Jaz. Cire z ɗaya ka wuce. Faransawa da duk kishin harshensu ba su fassara ta ba.

Tsohon Malami: A'a, ɗana. Haka muka yi ta yi har muka wayi gari rabin labaran rediyo ba Hausa ba ne. Ginshiƙin wannan kiɗa shi ne makaɗi ya saki hanyar da aka shimfiɗa ya ƙago tasa a gaban jama'a, sannan ya dawo. Saboda haka KIƊAN NAN-TAKE. Tun ina aji nake koya wa ɗalibaina haka.

'Yar Funtuwa: Baba, ke nan Shata ma jazz yake yi? Ai shi ne sarkin nan-take, ya ga mutum yanzu ya ɗora masa waƙa yanzu.

Tsohon Malami: Shata baiti yake ƙagowa, su kuwa karin sauti. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Damagaram: To mai sauraro a Tasawa ta ina zai san wannan bambanci daga "nan-take"? Zai ɗauka shirin kai tsaye ake nufi.

Mai Shirin Dare: Bari in ƙara dagula muku lissafi. Ita da kanta ba ta son kalmar. Ta sha faɗi cewa farar fata ne suka laƙaba ta, ita abin da take yi shi ne classical, wato babban kiɗan gargajiya irin na Turai, amma na baƙar fata. Kuma ba da waƙa ta fara ba. Piyano take kaɗawa tun tana ƙarama a coci, uwarta mai wa'azi ce, burinta ta zama gwanar kiɗa irin na su Bach, shahararren mai tsara kiɗan Jamus na zamanin da. Makarantar koyon kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya ta ƙi ɗaukarta, ita kuma har ta mutu tana ganin launin fatarta ne sanadi. A 1954 ta samu aikin kaɗa piyano a wata mashaya a Atlantic City, mai wurin ya ce in ba za ta haɗa da waƙa ba ta nemi wani aikin. Nan ta buɗe baki. Nan kuma ta ajiye sunanta na yanka, Eunice Waymon, don kada labari ya kai kunnen uwar.

Mai Gyaran Rubutu: To ai makaɗiya ce kafin mawaƙiya. Sa duka biyun. Classical kuwa ni "kiɗan fada" zan ce. Bach ma a fadar sarakunan Jamus ya yi wani ɓangare na aikinsa, kamar yadda Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa.

Tsohon Malami: Wannan ta yi ma'ana. Amma nan-take tana nan.

Baƙon Zaure: Me ya hana a ce zabiya? Mace mai waƙa ai zabiya ce.

'Yar Funtuwa: Malam, kar ka soma. Matar da tun tana yarinya aka ta da iyayenta daga sahun gaba a taron da za ta kaɗa piyano don farar fata su zauna, ta ɗauke hannu daga piyano ta ce ba ta kaɗawa sai an mayar da su. Matar da bayan bam ɗin cocin Birmingham ta Amurka na 1963, wanda ya kashe 'yan mata huɗu, ta zauna ta tsara waƙar da gidajen rediyon kudancin Amurka suka ƙi sakawa. Ita za ka kira da sunan mai bin biki tana jiran liƙi?

Baƙon Zaure: Au, ashe ke ma kina raina zabiya? Ɗazu-ɗazu kike kafa hujja da Barmani. In Baturiya ce ko Ba'amurkiya sai a nemo mata babbar riga, tamu kuwa ko oho.

'Yar Funtuwa: Ban raina kowa ba. Kalmar ce mutane suka zubar wa daraja, ba ni ba.

Ɗan Damagaram: Jama'a, mutum yana da ɗaukar murya gobe. Wallahi ko ita da ta zo Legas a 1961, ko zamanta a Laberiya daga baya, ba na jin an tsaya fassara mata jazz.

Mai Shirin Dare: Ga abin da na tsayar: "Nina Simone, makaɗiyar piyano kuma mawaƙiya mai tsara wasu waƙoƙinta da kanta, wadda duniya ta sani da kiɗan jaz, ko da yake ita ba ta yarda da sunan ba." Na sa "wasu" domin da yawa daga abin da ta rera na wasu ne ta juya su. Kiɗan fada zai shigo a tsakiya. Baba, zan yi bayanin ƙagowa a gaban jama'a cikin jimla ɗaya, da kalmominka.

Tsohon Malami: Jimla ɗaya. To. Amma ka ce "jaz, wato kiɗan nan-take", ko sau ɗaya ne.

Mai Shirin Dare: In minti ashirin ɗin sun isa, ranka ya daɗe.

Tsohon Malami: Za su isa. Zan kunna rediyo.