Wai hybrid ba motar Gombe ba ce?

Kawu Direba: Ni dai ina nan kan bakana, hybrid, motar nan mai haɗa injin fetur da na lantarki, ba motar Gombe ba ce. Ɗauki hanyar Bauchi ta Alkaleri ka gani, injin fetur ne ke ja har ka shiga Wunti, batirin nan dakonsa kawai kake yi, ga zafin Afrilu da zai dafa shi

Injiniya: Kawu a doguwar hanya kam tsimin man bai kai na cikin gari ba, wannan haka yake. Amma batirin ba zaman banza yake ba, kwamfutar motar ce ke raba aikin, ka taka totur za ka wuce tirela injin lantarki ya kama wa na fetur, ka ɗaga ƙafa a gangara ko ka taɓa birki sai ya koma janareto yana mayar da wuta cikin batiri, ƙarfin da a sauran motoci birki ke cinyewa a banza

Hajiya: Ni daga Tumfure zuwa babbar kasuwa nake yi kullum, a gosulo injin kashe kansa yake kuma AC na nan na sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wlh na san bambancin a jakata

Kawu Direba: To Hajiya ranar da batirin ya mutu fa? Duk abin da kika tara nan zai tafi

Mai Rewaya: Kawu zafi na cin batiri, ba musu. Amma Toyota ta fitar da hybrid ɗinta Prius tun 1997, sun san da wannan, shi ya sa kwamfutar ba ta barinsa ya cika fal ko ya ƙare ƙaf, tana riƙe shi wajen kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari. Abin da ke kashe su a nan ƙurar hunturu ce, akwai fanka ta wajen kujerar baya mai jan iskar cikin mota tana sanyaya batirin, ta toshe ba mai dubawa, wasu har jaka suke jinginawa a bakin ramin iskar. Kuma don Allah kar yaron gareji ya taɓa wayoyin batirin nan masu launin ruwan lemo, wutar Prius ta haura volt 200

Kawu Direba: Kun ji ko, tokumbo mai shekara goma sha ake kawo mana, batirin ya riga ya gaji tun can

Injiniya: Sai a sa na'ura a auna shi kafin a biya kuɗi Kawu. Mai Rewaya kana da ita a shago?