Malami da ɗalibi launin fata ɗaya: yana ƙara karatu?

Malam Mai Alli: Malamai, a taimaka da abin da aka gani a aji. Hujjar da aka fi kafawa ita ce shirin STAR, wani gwaji kan yawan yara a aji a makarantun firamare na jihar Tennessee a Amurka, wanda ya fara a 1985. Da ƙuri'a aka raba yara da malamai zuwa azuzuwa, ba wanda ya zaɓi wani. Wani mai bincike, Thomas Dee, ya bi sakamakon a 2004, ya ga yaran da suka faɗa hannun malami mai launinsu, baƙaƙe da farare, sun ɗan ɗara a lissafi da karatu. Ƙarin kaɗan ne, amma akwai shi.

Malama Uwar Aji: Malam, maki ba nan ne wurin duba ba. A duba littafin horo. Faɗa ko sata kowa ya san laifi ne. Amma "taurin kai" da "raini" ido ne ke yanke su: yaro ya ɗaga murya ko ya ƙi haɗa ido, wani malamin ya ga rashin kunya, wani ya gane tarbiyyar gidansu ce. Binciken masana Lindsay da Hart a jihar North Carolina ta Amurka ya nuna ana rage dakatar da yara baƙar fata idan malaminsu baƙi ne, musamman a irin wannan laifin. Yaron da aka kora kwana 3 ya rasa darasin kwana 3, kuma ba mai maimaita masa.

Tsohon Shugaban Makaranta: Gaskiyarki, Malama. Sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na malaman makarantun gwamnatin Amurka farare ne, baƙaƙe ba su kai kashi 10 ba, to haɗa kowa da nasa ba zai yiwu ba. Inda ake kuskure: a samu malami baƙi ɗaya, a jibga masa duk yara masu rigima, ya zama ɗan sanda maimakon malami, ya gaji ya ajiye aiki.

Malama Mai Jan Biro: Akwai abin yi tun yau. A rufe suna a sa lamba kafin a duba takardar jarrabawa. Ajin masu hazaƙa kuma a gwada kowane yaro, kada a jira malami ya miƙa suna. Da wata gunduma a Florida ta yi haka, yara baƙar fata da aka ɗauka sun ƙaru sosai. Kowane zango a ƙirga waɗanda aka dakatar, aji-aji, laifi-laifi, a kai taron malamai.