Masu share tankin ruwan gishiri: wa kuka saka, wa ya jure zafin Legas?

Baban Khalid, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tankina na ruwan gishiri mai cin lita 200 ya cika wata biyu. Wata gansakuka mai launin ƙasa ta rufe gilashi da yashi, ga kuma koriya mai kama da gashi ta fara tsirowa a kan duwatsu. Mai shagon da nake sayayya ya ce in ɗauki dodon koɗi 40 da ƙaguwa 20 a tashi ɗaya, su share mini tankin. Kafin in zuba kuɗina, don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Alhaji na Obalende: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka. Ni na bi irin wannan shawarar, na zuba 30 a tanki kamar naka. Sati biyu suka lashe komai tas, na yi ta murna, a sati na shida sai na fara tsintar katantanwa babu kowa a ciki. Yunwa ce ta kashe su, kuma kowane ɗaya da ya ruɓe a bayan dutse ya zama taki, gansakukar ta dawo fiye da da. Wannan mai launin ƙasar ma kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta, da kanta take ja da baya. Fara da dodon koɗin da ake kira Trochus, shida ko takwas. Shi na fi yarda da shi, don idan ya faɗo ta baya yana iya juya kansa. Ɗan uwansa Astraea kuwa in ya kife a kan yashi sai ka sa hannu ka tashe shi, in ba haka ba ƙaguwa ta samu kalaci.

Maman Hanifa, Surulere: Alhaji ya yi gaskiya, amma bai taɓo zafi ba, kuma shi ne ainihin matsalarmu a garin nan. Murjani da waɗannan halittu sun fi son ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27 na Salshiyos. A watan Maris aka ɗauke mana wuta tun safe, inbata ta riƙe famfon juya ruwa amma ba ta iya ɗaukar na'urar sanyaya ruwa ba. Kafin maigida ya dawo ya tada janareta, ruwan ya haura 30. Manyan dodon koɗin Turbo ɗin nan na Meziko guda huɗu da nake ji da su, babu wanda ya kai ƙarshen sati. Daga baya na gane can inda suke fitowa ruwan ya fi namu sanyi. Trochus na yankin Indonisiya ko gezau. Dama Turbo ɗin sun ishe ni, kullum sai sun ture mini ƙananan murjanin da ban manna da kyau ba. Yanzu ina ajiye robobin ruwa daskararru a firiza, da an ɗauke wuta in jefa ɗaya ya yi ta yawo a sama.

Ɗan Zariya a Idi-Araba: Hajiya, dabarar robar nan ta cece ni ba sau ɗaya ba. Ni a kan ƙaguwa mai shiga katantanwa zan yi magana. Masu shuɗin ƙafar nan suna da ban sha'awa, suna tsince ragowar abinci a lungun da hannu ba ya kaiwa, amma 'yan fashi ne. Da idona na ga ɗaya ta zaƙulo dodon koɗin Cerith daga gidansa ta shige ciki. Tun da na watsa katantanwa marasa kowa masu girma daban-daban a bayan duwatsu abin ya ragu, bai daina ba. Masu jan ƙafa sun fi haƙuri. A lita 200 ni ba zan wuce biyar ba.

Baban Khalid: To yashin fa, wa zai kula da shi? An nuna mini tauraron teku mai tone yashi, ya burge ni.

Alhaji na Obalende: Bar shi inda ka gan shi. Zai cinye ƙananan halittun da ke cikin yashinka, sannan ya rame a hankali har hannuwansa su fara narkewa. Sai babban tanki da ya daɗe. Ka nemi dodon koɗin Nassarius uku ko huɗu. Suna binne kansu, ɗan hancinsu kawai za ka gani a waje, da ka zuba abinci sai su ɓullo. Jikokina saboda su suke zuwa gidan. Sai dai ka sani ba sa cin gansakuka, nama da mushe ne abincinsu. Cerith shi ke haɗa biyun.

Injiniya, Lekki: Ni kuskurena na ruwa ne. Na yi wata huɗu ina haɗa gishiri da ruwan burtsatse, ina ta ƙara masu share tankin, gansakuka mai gashin nan tana ta tsawo. Dodon koɗi ba ya son ta in ta yi tsawo, sai ka tuge da hannu ya bi saura. Sai da na sayi matatar ruwa ta RO/DI, na rage abincin kifi, fosfet, sinadarin da ke zama taki ga gansakuka, ya sauka, sannan na ga aikinsu. Na kuma saka bushiyar teku ɗaya, wadda ake kira tuksido. Ta yi aiki sosai, amma tana kankare har gansakuka mai launin shunayya da muke so a kan dutse, kuma duk abin da ta samu sai ta ɗora a ka ta yi ta yawo da shi kamar mai talla.

Abu biyu kuma, ɗan uwa. Kada maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe ya taɓa tankin da masu sharar nan suke ciki, ko kaɗan ne yana kashe su. Sannan kayan nan sun sha tafiya a jirgi, sun sha gosulo daga Ikeja, kada ka juye su kai tsaye. Ka riƙa ɗiga musu ruwan tankinka a bokiti kamar na awa ɗaya, gishirinka ya tsaya a 1.025 ko 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa.

Maman Hanifa: A kula da jatan lande ma. Na nemi irin da ke cin Aiptasia, 'yar halittar nan mai harbin murjani, aka ba ni mai doro irin na raƙumi. Kamanninsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Dare biyu ya fara yagar murjanina masu laushi, kama shi kuwa sai da muka fitar da rabin duwatsun.

Ɗan Zariya: Wani yaron shagonmu ya kawo mini ƙananan dodon koɗin da ake sayarwa a kasuwa don miya, wai in gwada tunda araha ne. Na gode masa na kai wa maƙwabciyarmu. Na cikin laka ne da ruwan da ya gauraya da na kogi, ba na tankin murjani ba.

Baban Khalid: Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan Trochus shida, Cerith huɗu, Nassarius uku, ƙaguwa kuma sai na ga yadda wata ɗaya zai kasance. Ruwan burtsatse nake amfani da shi ni ma, Injiniya, don haka matata zan fara saye. Lita nawa taka take tacewa a rana, kuma tana aiki ba tare da famfon ƙara ƙarfi ba? Ruwanmu a Agege da ƙyar yake hawa bene.