Abin da ke sa ma'aikaci ya ji daɗin aikinsa

A hirar da muka yi da wasu abokai, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da wani akawu, an fara da albashi kamar yadda aka saba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma tsadar kayan masarufi ta riga ta cinye ƙarin. Sai dai ba a daɗe a kan kuɗi ba. Inda hira ta yi zafi shi ne halin oga.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce babu abin da ke ƙona mata rai kamar a yi mata tsawa a gaban majinyaci, tana riƙe da allura, 'yan dubiya suna kallo. Shawararta: shugaba ya ja mutum gefe, ya rufe ƙofa, sannan ya yi gyara. Yabo kuwa a yi shi a bainar jama'a.

Akawun ya kawo batun Frederick Herzberg, masanin nan ɗan Amurka, wanda tun 1959 ya ce albashi mai kyau ƙorafi kawai yake ragewa, gamsuwa tana zuwa ne daga yabo da amana da damar ci gaba. Ina ganin da gaskiyarsa, ko da yake mai jin yunwa ba zai tsaya saurarensa ba.

An kuma ce jadawalin aikin dare ya riƙa fitowa da wuri, kada hutun Sallah ya zama na 'yan gaban goshi kaɗai, a daina neman ma'aikaci a WhatsApp ƙarfe goma na dare. Malamin ya ƙara da cewa in an zauna taro, masinja ma a ji ta bakinsa.