Taƙaitawa: yadda za a hana Excel mayar da rubutu kwanan wata

Malamai da masu shagon kwamfuta a nan Katsina sun yi ta kuka: ka rubuta makin yaro 7/10, Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya mayar da shi kwanan wata. Ga abin da aka tattauna.

1. An yi ittifaƙi a kan wannan: kafin ka rubuta komai, zaɓi layin gaba ɗaya, danna Ctrl+1, ka sa shi a Text, wato tsarin rubutu zalla. Sharaɗin shi ne a yi haka kafin a rubuta. In ya riga ya juye, sauyawar ba ta dawo da 7/10, sai ta ba ka lamba dubu arba'in da wani abu, domin Excel yana ƙirga kwanaki ne daga farkon 1900. Dole a sake rubutawa.

2. Na gurbi ɗaya ko biyu, fara da alamar ' kawai. Tana kuma tsare sifilin lambar waya.

3. In rabi kake nufi da 1/2, rubuta 0, tazara, sannan 1/2.

Inda aka rabu: wasu sun ce Text na ɓata lissafi, tunda SUM, umarnin tara lambobi, yana tsallake irin wannan gurbi. Shawararsu, a sa 7 a layinsa, 10 a nasa. A ganina su ke da gaskiya a harkar sakamako.

Fayil ɗin CSV kuwa, wato fayil na bayanai da waƙafi ya raba, a shigo da shi ta sashen Data na Excel, kada a buɗe shi ta danna shi sau biyu, don kada Excel ya juya rubutun da kansa.